Abin da Littafin Bai Faɗa Ba

Jikata Renita ta zo min da littafi daga Birmingham,
ta ce, "Kaka, labarinku ne aka mayar ƙagagge."
Idona ya yi hazo, ita ke karanta min da yamma
a barandar nan ta Alabama, sauro na yi mana amshi.
Na ce karanta, ai kunne bai tsufa ba.

A littafin yarinyar doguwa ce, wuya kamar na barewa,
ta tura ƙofar laburaren farare da kafaɗa,
zuciyarta ko gezau.
Ni kuwa Ozella, gajera, shekara goma sha bakwai,
takalmin yayata na ara, yana cin ɗan yatsana,
gwiwoyina na rawa kamar mazari.
Marubucin bai ga wannan ba.

Ya ce an kwana ana ruwa, gari ya yi duhu.
Ina! Yuli ne, kwalta na narkewa,
gumi ya manne min riga a baya.
Ya ce mu uku ne. Mu bakwai muka shiga.
Ina ya kai Verlie Stroud mai wankau,
wadda ta bar kayan mutane a jiƙe ta biyo mu?
Ina Thaddeus Boykin, da aka kora daga injin katako washegari,
ya hau jirgin ƙasa zuwa Detroit
bai sake taka garin nan ba?

Yarinyarsa ta ɗauko kundin tsarin mulki daga kanta.
Ni abin da hannuna ya fara taɓawa na cafka,
littafin kiwon zuma, bangonsa kore.
Awa uku ina kan shafi ɗaya,
fitsari ya matse ni, ga banɗaki taku goma,
ga allo a ƙofarsa: na farare kaɗai.
Wannan yaƙin ya fi na 'yan sanda zafi,
kuma ba a ba da lambar yabo a kansa ba.

Mugun cikin labarin ƙato ne mai jan ido,
irin wanda kowa zai tsana ya huta.
Nawa yaro ne, Dwight,
wanda uwata ta goya lokacin da tasa ke jinya.
Ya tofa min yawu a gashi, ya kira sunana daidai.
Bayan shekara talatin shi ke miƙo min magani a kemis,
"Barka da asuba, Misis Ozella."
Na amsa masa har ya mutu,
ko sau ɗaya ba mu ta da zancen ba.

A shafin ƙarshe ƙararrawar coci na kaɗawa,
ƙofa ta buɗe, kowa na kuka.
Ƙofa ta buɗe, gaskiya ne, bayan kotu ta tsawata.
Sai suka kwashe kujerun kaf, har da tebura,
wai kowa ya yi karatunsa a tsaye,
kada baƙi da fari su haɗa benci.
Haka na karanta littafi goma sha ɗaya, na jingina da bango,
ƙafa ta kumbura, ban fasa zuwa ba.

Renita ta rufe shi, ta ce, "In mayar musu?"
Na ce a'a, bar shi nan.
Albarkacinsa ne yara ke ƙwanƙwasa min ƙofa da tambaya,
da babu gara ba daɗi.
Ɗauko fensir dai, ga fili a gefen shafi.
Rubuta Verlie. Rubuta Thaddeus.
Rubuta Hosea da ƙanwarsa Idella, da tagwayen gidan Crume.
Rubuta takalmin, rubuta kujerun.
A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
ki ce littafin zuman nan mai koren bango,
har yau Ozella ba ta wuce shafin ba.